Amsa: Ambulan USS England marar sunan jirgi a hatimi

Malam, ka tambaya ko ambulan ɗinka na wasiƙar da aka aiko daga jirgin ruwan yaƙin Amurka USS England jabu ne tunda hatimin gidan waya bai nuna sunan jirgin ba. Kwantar da hankalinka, haka aka saba a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan ruwan Amurka sun cire sunayen jirage daga hatimi don kada abokan gaba su gano inda suke, sai "U.S. Navy" da kwanan wata kawai. Duba kusurwar hagu ta sama, nan mai wasiƙar yakan rubuta sunan jirginsa da hannu, sannan ka nemi tambarin jami'in tace wasiƙu.

Riƙe shi da kyau fa! USS England, ɗan jirgin yaƙi mai yi wa wasu jirage rakiya, shi ne ya nutsar da jiragen ƙarƙashin teku shida na Japan a Mayun 1944.