Ku Tambayi Mai Gyara: Jitar bes daga kayan bola

TAMBAYA: Malam, ina koyon kaɗa jitar bes, amma da na je kasuwar Alaba na ji kuɗinta sai na dawo gida a ƙafa. Ina da tsohon gado na katako da rediyon da ya mutu. Za su iya zama jita? Daga wani ɗalibi, Agege.

AMSA: Ƙanena, za su iya, in ka rage buri. Tsirkiya ɗaya za ka fara da ita. Kada ka raina, kuntigi ma tsirkiyarsa ɗaya ce a kan gwangwani, kuma ya cika fili da 'yan kallo.

Dalilina na cewa ɗaya? Kowace tsirkiyar bes tana jan katako da ƙarfin da ya kusa kilo 20. Jitata ta farko na yi ta da ƙyauren ɗaki mai laushi, na ɗaura huɗu don gadara. Damina ɗaya ta Legas ta mayar da ita baka, saura kibiya kawai. Masana'antu suna saka sandar ƙarfe a cikin wuyan jita saboda wannan jan, kai kuwa ba ka da ita. Don haka ka ciro dogon katakon gefen gadon, in maɗaci ne ko iroko ka yi sa'a. Ya kasance guda ɗaya daga kai har gindi, babu haɗi.

Awo shi ne inda ba a wasa. Tun da maƙerin jita Leo Fender ya fito da jitarsa Precision Bass a 1951, tsawon da aka saba da shi inci 34 ne, wajen santimita 86, daga inda tsirkiya ta hau a sama zuwa jaki, wato abin da take hawa a gindin jitar. Guntun rodi ko kwantaccen noti ya isa jaki. Kada ka wahalar da kanka da dasa ƙarafan matsa sauti. Ka auna daga sama, ka yi alama da biro a santimita 21.5, da 29, da 43. Ta ƙarshen ita ce tsakiya, inda sautin farko yake dawowa da siririyar murya. Sauran kunnenka zai nemo su.

Tsirkiya dole ta ƙarfe, domin maganaɗisu ba ya jin roba. Wayar birkin babur tana yi, ko da yake tana cin yatsa. In ka sami tsohuwar tsirkiyar bes wurin makaɗa, ta fi. Dogon noti mai zare shi zai zama abin ɗaurewa da sassautawa.

Rediyon kuma, ka ciro ƙaramar taransifomarsa da maganaɗisun lasifika. Naɗin siririyar wayar tagulla da maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiya, shi ke nan sirrin: ƙarfe ya girgiza, 'yar wuta ta taso a naɗin, amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ta ƙara mata ƙarfi. Mai gyaran rediyo zai liƙa maka wayoyin da dalma. Ka ce ya haɗa jakin da wayar ƙasa (earth) ta jitar, in ba haka ba gurnani zai hana ka jin kiɗan, balle ranar da janareto ke aiki. Kuma kada wayar jitar nan ta kusanci soket ɗin bango ko da wasa.

Abin da ya rage na kaya, 'yan gwangwan na unguwarku sun fi kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin kusa da kai. Ka riƙa goge tsirkiyar da tsumma bayan kiɗa, iskar Legas gishiri gare ta. Sannan ka gwada jitar a babbar lasifika, ƙarama ba ta fitar da sautin ƙasa, sai ka zaci aikin ne ya lalace.