Wane ne Gillies, kuma me ya sa ba a gama gyaran fuska a tiyata ɗaya?

Tambaya: Likita, ina rubuto maka daga Gadarif. Ɓarɓashin bam ya fasa wa ƙanena muƙamuƙi, likitan da ke duba shi ya ce sai an yi aiki sau da yawa a cikin watanni, ya kuma ambaci wani Gillies. Wane ne shi, kuma me ya sa ba za a gama lokaci guda ba?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Harold Gillies an haife shi ne a Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan a 1882, ya yi karatun likita a Kambirij ta Ingila, ya fara aiki a matsayin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya juya masa akala, domin a Faransa ya ga sojojin da harsashi ya cire wa haɓa ko hanci ana ɗinke musu rauni cikin gaggawa, idan wurin ya warke sai fata ta tsuke, baki ya karkace, mutum ya kasa tauna ko magana.

A 1917 aka buɗe asibiti na musamman a garin Sidcup na Ingila, inda shi da abokan aikinsa suka yi tiyata fiye da 11,000 a kan mutane sama da 5,000. A ganina babban abin da ya bar mana shi ne tsarin aikin: a fara gyara shimfiɗar cikin baki ko hanci, a sa ƙashi ko guringuntsi ya riƙe siffa, sannan a rufe da fata. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, saboda haka yakan yanko fata daga ƙirji ko kafaɗa ba tare da ya raba ta da tushenta ba, ya naɗe ta kamar tabarma ya ɗinke bakinta don kada ƙwayoyin cuta su shiga, jini kuma ya ci gaba da gudana a ciki, ya haɗa ɗaya gefen da fuska, ya jira makonni har ta kama kafin ya yanke tushen. Wani likita a birnin Odesa na Yukren ta yau, Filatov, ya gano wannan dabara shi ma a kusan lokaci ɗaya. Gillies ya rasu a 1960.

A yau muna iya ɗauko ƙashi daga ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa mu haɗa su da na wuya a ƙarƙashin madubin likita, amma jiran bai kau ba. Dole rauni ya tsabtata, kumburi ya sauka, tabo ya yi laushi, domin ƙashin da aka dasa a wurin da ke da ruwa ko mugunya yakan mutu. Kafin ranar aikin, ki kula da abincinsa ko da kunu da madara da romo ne, da wanke baki bayan kowane ci, kuma idan yana shan taba ya daina, don tana rage jinin da ke isa wurin. Idan zazzaɓi ko wari ko wahalar numfashi ya bayyana, a mayar da shi asibiti a ranar.