Amsa kan adashen zumuntar mata

'Yar'uwa, kin tambaya ko baƙuwar da ba ta da halin zuba adashe tana da wurin zama a zumuntar mata. Tana da shi. A majami'armu ta Yamai, inda matan Togo da Benin suke da yawa, kowace tana zuba jaka ɗaya ranar Lahadi, amma da aka rufe iyakar Nijar da Benin da ke Gaya a 2023, masu sarin atamfa da dama sun kasa, kuma ba wadda aka soke sunanta daga littafi. Wata mai tuya ta riƙa kawo ƙosai a kwano maimakon kuɗi, da ta haihu kuwa muka haɗa mata sabulu da zane. Ki sami shugabar zumunta a keɓe, ki faɗa mata halin da kike ciki tun kafin sabon zagaye.