Sarƙar Wuya da Kare Mai Faɗa

Tambaya: Malam, karen gadina ba ya ganin wani kare sai ya afka masa. Shin sarƙar wuya mai shaƙewa ko mai jan lantarki za ta gyara shi? Daga wani mai karatu a Argungu.

Amsa: Ban ba ka wannan shawara ba. Sau da yawa tsoro ne ke haddasa irin wannan faɗa, kuma idan zafi ya kama wuyansa daidai lokacin da ya hango wani kare, zai ɗauka wancan ne ya cuce shi, sai ƙiyayyar ta ƙaru. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta mai lantarkin tun 2010. Fara kai shi wurin likitan dabbobi, domin ciwo kan sa kare fushi, a kuma yi masa rigakafin haukan kare. Daga nan riƙa nuna masa karnuka daga nesa yana ɗaure, kana ba shi nama idan ya natsu, kana rage tazarar sannu a hankali.