Amsa ga Alhajin da ke neman masaukin alfarma a dajin namun dawa

Assalamu alaikum. Alhaji, tun shekaranjiya na ga tambayarka, cewa kana so ka kai Hajiya da yara biyu kallon namun daji a hutun Agusta, kuɗin tafiya a ajiye suke, sai dai masaukan da kake gani a Instagram duk kyansu ɗaya, ka rasa na ɗauka. Na ga 'yan'uwa sun yi ta jero maka sunaye. Ni ba suna zan ba ka ba, domin masaukin da ya dace da Agusta, in ka je shi a Fabrairu sai ka ga kamar an kwashe dabbobin da mota. Sau uku na yi irin wannan tafiya, biyu Kenya, ɗaya Tanzaniya, kuma ta farkon ita ta koya min hankali.

A waccan tafiyar hoto na saya. Wani ejan ya turo min ɗaki mai gado kamar na amarya, ga wurin ninƙaya, ga baho a waje yana kallon tsauni. Na biya ban ko tambayi taswira ba. Da muka isa, wallahi ɗakin ya fi hoton kyau. Ashe masaukin a wajen gandun dajin yake, tsakaninsa da ƙofar shiga tafiyar fiye da awa ɗaya ce a hanya mai gargada, in an isa kuma a bi layin motoci. Kafin mu shiga rana ta take, zaki ya gama farautarsa ya miƙe ƙafa a gindin bishiya. Shi kuwa zaki, yawancin yininsa barci ne. Kwana huɗu muna kallon wutsiya tana korar ƙuda. Maiɗakina ta ce in don wannan ne, ai da gidan zu na Audu Bako muka je, mu dawo gida kafin la'asar. Ban ce komai ba, don gaskiyarta ce.

To, abin da kuɗinka zai saya ke nan a can, Alhaji: kusanci da dabbobi a sa'o'i biyun farko na safiya da biyun ƙarshe na yamma. Ɗaki kuwa, in ka cire barcin dare da ɗan kishingiɗar rana, ba ka cikinsa. Duk masaukin da aka nuna maka, ka fara cewa a turo maka wurinsa a taswirar waya, sannan ka tambaya minti nawa ne daga bakin ɗaki zuwa inda ake fara ganin dabbobi. In amsar ta zo da kwana-kwana, ka wuce.

Tunda Agusta ka ce, maganar Masai Mara ta Kenya ake, ko arewacin Serengeti ta Tanzaniya wajen Kogatende. Daga Yuli zuwa Oktoba ne garken dabbar nan da Swahili ke kira nyumbu, wata mai kama da ramammiyar saniya mai gemu, su fiye da miliyan ɗaya tare da jakunan dawa, suke kaiwa da komowa a kogin Mara, kadoji na jiran su a ruwa. Daga Janairu zuwa Maris kuwa suna can kudu wajen Ndutu suna haihuwa. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, farashi yana faɗuwa, wasu sansanonin ma rufewa suke yi.

A Mara ɗin akwai wani bambanci da ejan ba ya damuwa ya yi maka bayaninsa, alhali shi ne rabin maganar. Akwai gandun gwamnati, wanda ke hannun gundumar Narok. Kowa da kuɗinsa yana shiga, shi ya sa a Agusta za ka ga damisa ɗaya motoci sun yi mata zobe kamar an tare hanya a Ƙofar Wambai. Sannan akwai filayen da ke kewaye da gandun, irin su Mara North da Olare Motorogi da Naboisho, waɗanda aka karɓa haya daga hannun 'yan ƙabilar Masai masu ƙasar, ana biyan su duk wata. A nan baƙin sansanonin wurin kaɗai ke yawo, motocin da za su tsaya kan dabba ɗaya ba sa wuce kamar biyar, direba yana iya barin hanya ya matsa kusa, ana fita da dare da fitila, ana kuma yawon ƙafa tare da mai tsaro. Gandun gwamnati ba ya barin fitar dare. A Naboisho muka zauna kusan awa guda da wata zakanya da 'ya'yanta, mu da mota ɗaya tak, har muna jin sautin lasar da take yi musu. Tun daga ranar na daina tambayar faɗin gado.

Amma fa tsallaken kogin a cikin gandun gwamnati ake yin sa. Saboda haka da ni ne kai, raba kwanakin zan yi: biyu a sansanin da ke cikin gandun kusa da kogi, uku a ɗaya daga filayen hayar. Ka kuma sa a lissafi cewa tun 2024 kuɗin shiga gandun ga baƙo babba dala 200 ne a kowace rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 a sauran watanni. Kuma kada wani ya yi maka alkawarin ganin tsallake. Mun taɓa zama awa huɗu a bakin ruwa, garken ya taru har gaɓa, ɗaya daga cikinsu ta shinshina ruwan ta juya, duk suka bi ta. Washegari muna cin abincin rana a mota suka afka ba sallama. Rabo ne.

Na san Hajiya za ta ji kalmar tanti ta ce ita ba da ita ba. Ka kwantar mata da hankali, ba irin na Mina ba ne. Ɗaki ne sosai a kan dandamalin katako, da banɗakinsa a ciki, bangon ne kawai na tamfol mai kauri. Ni na fi son sa a kan gini, domin sansanin tanti takwas ko goma ya fi otal mai ɗaki saba'in nutsuwa, mai dafa abinci ma ya san ka. Sai dai mafi yawansu ba su da shinge. Da dare za ka ji dorina tana kiwo a bayan kanka, kura tana kuka, kuma ba a fita sai an haska fitila wani Bamasaye ya zo ya raka ka. Saboda wannan ne da yawa ba sa karɓar ƙananan yara, wani ya ce sai shekara 6, wani 8, wani ma 12. Wuta ta sola ce, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba a ma bukatarta. Wurin tudu ne, sanyin asubar Agusta ya kai na tsakiyar hunturu a Kano, ga motar a buɗe take. Ku tafi da rigunan sanyi na gaske, ku kuma guji baƙi da shuɗi a inda ake da ƙudan tsando, musamman ɓangaren Tanzaniya, don launukan nan biyu yake bi.

Maganar farashi kuma, ka karanta da idon ɗan Kwari. Abin da ake rubutawa na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, ba na ɗaki ba, kuma manyan sansanoni a wannan lokacin suna haura dala 1,000. In an ce komai na ciki, ka sa a rubuta maka mene ne komai ɗin: kuɗin shiga gandu, ɗauko ku daga filin jirgi, fita sau biyu a yini, wanki. Hawan balan-balan da asuba daban ake biyansa, ihsanin ma'aikata ma daban. Wani abin da ya ba ni haushi shi ne, cikin kuɗin nan har da giyar da Turawa ke sha in rana za ta faɗi. Ba kasafai suke rage maka ba don ka ce ba ka sha, amma ni da na nemi a sassauta min kuɗin mota tamu mu kaɗai a madadin hakan, an yi min. Wannan motar, in da hali, kada ka bar ta. In an haɗa ku da mai kyamara da ke son yin awa biyu kan tsuntsu ɗaya, yara za su tayar maka da hankali, ga salla ga Hajiya da ke son sakewa.

Shi kansa direban, wanda shi ne jagoranku, ya fi shugaban masaukin muhimmanci. A Kenya suna da jarrabawa mai hawa uku, tagulla da azurfa da zinariya. Ka tambaya wane mataki jagororinsu suke, kuma haifaffun yankin ne ko kuwa. Wanda ya tashi yana kiwo a wurin, kukan biri kawai zai ji ya ce akwai damisa a kwarin can. Wanda bai iya ba kuwa, rediyo yake saurara ya bi ƙurar 'yan'uwansa.

Abinci ba matsala ba ne in ka faɗa tun kafin zuwa. Ka rubuta musu cewa ku Musulmi ne, ka tambaya daga ina suke sayen nama, a kuma raba muku kasko da na naman alade. Musulmi suna da yawa a ƙasashen biyu, sun saba. Ka jefa buta a jaka, ba ko'ina ake samun abin tsarki ba, da ɗan yaji da kilishi in an bar ku kun wuce da shi. Sannan kada ka tashi da asuba ka fuskanci gabas yadda ka saba. A can alƙibla kusan arewa take. Ni sai da wani mai gadi Musulmi ya juya ni.

Hanya kuwa, ni Ethiopian nake bi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, sannan Nairobi. A kwana, da safe a tafi filin Wilson a hau ƙaramin jirgi, wajen minti 45 an sauka a Mara. Ta mota awa biyar zuwa shida ce. Ƙaramin jirgin kilo 15 yake yarda wa kowa, a jaka mai laushi. Ka fara wannan sulhun da Hajiya tun yanzu, manyan akwatuna a bar su ajiya a otal ɗin Nairobi. Kada a manta da katin rigakafin cutar shawara, kada kuma a cusa leda a kaya, Kenya ta haramta ta tun 2017, Tanzaniya tun 2019. In za ka yi canji a Wapa, ka zaɓi sabbin takardun dala, tsofaffi ba sa karɓa. Wanda ya fi son ɓangaren Tanzaniya ya sani cewa mai fasfon Najeriya bizarsa sai an nemi amincewa tun daga gida, ba a ba shi a filin jirgi, a fara da wata biyu a hannu. Kafin alƙalami kuma asusun kamfani ake tura shi, ba na wani mutum ba, bayan ka karanta sharaɗin fasa tafiya.

Wani ya kawo maka Sabi Sand ta Afirka ta Kudu da Okabango ta Botsuwana. Ta farko babu kamarta wajen damisa, ta biyu kallo ne a kwalekwale kuma ta fi duka cin kuɗi. Ka bar su sai zuwa na biyu. In kuwa yaran ba su taɓa zaman mota a daji ba, ka gwada su da Yankari a ƙarshen mako, su yi wanka a Wikki, su ga yadda gwaggon biri ke fizge burodi, ka ga ko za su iya yin shiru na rabin awa.

Sansanonin kirki na Agusta tun farkon shekara suke cika, don haka kada ka ja lokaci. Ka faɗa min shekarun yaran da yawan kwanakin da kake da su. In ƙaramin bai kai shida ba, sai mu ajiye maganar tanti mu duba masaukan gini masu shinge da ke cikin gandun.