Maka ƙwallo da ƙasa: yaushe yake ceton lokaci, yaushe yake cinye maka dama

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta abin da ya same ka a Madden, wasan kwamfuta na ƙwallon Amurka. Abokin karawarka yana gaba da maki 2, saura sakan 52, hutunka uku na tsayar da agogo duk sun ƙare. Ka yi jifa mai kyau aka cafe a tsakiyar fili, ka samu sabuwar dama huɗu ta cin yadi 10, nan take ka maka ƙwallo da ƙasa don agogo ya tsaya. Jifa na biyu ya faɗi, na uku aka cafe amma bai cika yadi 10 ba, na huɗu ka yi shi a gurguje ya lalace. Ƙwallo ta koma hannun abokin karawa alhali agogo yana nuna saura sakan 14. Shi ne kake tambaya ko wannan makawar tarko ce kawai.

Ba tarko ba ce, amma a wasan nan naka ita ta kayar da kai. Dubi abin da ya fara ƙare maka. Ba lokaci ba ne, tunda ga sakan 14 can a kan allo. Dama ce ta ƙare, kuma ɗaya daga cikin huɗun kai da kanka ka jefar da ita a ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne iyakar lokacin da makawa take cetowa. Idan aka kayar da ɗan wasanka a cikin fili, agogo yana ci gaba da tafiya. Sai 'yan wasa 11 sun rugo sun yi layi, alƙali ya ajiye ƙwallo, kowa ya tsaya cak na sakan ɗaya, sannan ɗan tsakiya ya miƙo ta ga kwatabak, wato mai jifa. Wannan lokacin ya tafi ke nan, ko makawa za ka yi ko jifa na gaske. Makawa ba ta dawo maka da ko sakan ɗaya daga ciki. Abin da take tsare maka shi ne ɗan abin da zai biyo baya, wato lokacin da za ka ɓata kana zaɓen salon hari, kana duba yadda masu tsaro suka tsaya, kana sauya wa wani mai cafewa hanya. Ga wanda ya san abin da zai kira tun kafin a yi layi, wannan ɗan kaɗan ne. Ga wanda sai ya buɗe jerin salon hari yana lalube, yana da yawa. Shi ya sa makawa ta fi yi wa sabon ɗan wasa daɗi, kuma shi ya sa ta fi cutar da shi.

A doka, makawa jifa ce da ba a cafe ba. Agogo ya tsaya, amma dama ɗaya ta tafi, har a ƙididdigar kwatabak ɗinka za a rubuta masa jifan da ya faɗi. Sannan ba kai kaɗai ka samu numfashi ba. Abokin karawarka da ka rutsa da tsaron da bai dace ba, wanda 'yan wasansa suka gaji, shi ma ka ba shi sarari ya zauna ya zaɓi abin da yake so, ya shigo da masu gudu a baya. Sau da yawa na ga mutum yana kan gangara, jifa bayan jifa, abokin karawa ya rikice, sai shi da kansa ya maka ƙwallo ya ba shi lokacin dawowa hayyacinsa.

Lissafin da nake yi a irin wannan lokaci guda ɗaya ne. Na dubi agogo na tambayi kaina sau nawa zan iya taɓa ƙwallo kafin ya kai sifiri, sannan na dubi dama nawa ta rage mini. Idan damar da ke hannuna ta fi abin da agogo zai bar ni na yi amfani da shi, to makawa kyauta ce, domin ina zubar da abin da dama can ba zan ci moriyarsa ba. Misali saura sakan 12, ina dama ta farko. Komai ƙoƙarina ba zan wuce jifa biyu ba, ko jifa ɗaya da bugun maki uku. Dama huɗu ta yi mini yawa, sai na maka ba tare da tunani ba. Amma idan saura sakan 36, kamar lokacin da ka yi taka, agogo zai iya ɗaukar hari biyar ko shida idan ana jifa gefe. A nan dama ita ce mai tsada, lokaci kuwa yana da ɗan sauƙi. Abin da ya dace shi ne a yi layi a kira jifa zuwa layin gefe. In an cafe an fita waje, agogo ya tsaya kuma ka ci yadi. In ta faɗi ƙasa, agogo ya tsaya dai, wato ka samu abin da makawa za ta ba ka. Abu biyu kawai za ka kiyaye: kada a kayar da kwatabak da ƙwallo a hannu, kada kuma ka jefa inda za a ƙwace. In babu wanda ya buɗe, fita gefe ka wurga ta waje.

Akwai wurin da makawa ba ta da madadi, shi ne lokacin da ka riga ka shiga nisan da mai bugunka zai iya kaiwa, agogo yana tafiya, kuma ba ka da hutu. Fitar da masu hari a shigo da masu bugu agogo yana gudu abu ne mai cin lokaci sosai, kuma bugun gaggawa ba ya cika shiga. Sai ka maka, agogo ya tsaya, mai bugu ya shigo a natse. Ko a dama ta uku kake babu laifi, tunda ta huɗun ta bugu ce dama. Amma ka tabbata ta uku ce. Wanda ya maka a ta huɗu ya miƙa ƙwallo ga abokin karawa ke nan. Kafin yatsanka ya taɓa madanni, idonka ya fara zuwa kan lambar dama.

Kuma a nan ma ba a yin ta da wuri. Idan bugun zai sa ka wuce gaba, saura sakan 25, kada ka ruga ka maka a sakan 18. Yi layi, ka tsaya, ka bar agogo ya sauka zuwa 5 ko 4, sannan ka miƙo ka maka, yadda bugunka zai zama abu na ƙarshe ko kusan na ƙarshe a wasan. Duk wanda ya kalli wasan Kansas City Chiefs da Buffalo Bills na ranar 23 ga Janairu 2022 ya san dalili. Bills suna gaba 36 da 33, saura sakan 13 kacal, amma kwatabak ɗin Chiefs, Patrick Mahomes, yana da hutunsa. Jifa biyu ya yi, ɗaya ga Tyreek Hill ɗaya ga Travis Kelce, Harrison Butker ya buga daga yadi 49 aka yi kunnen doki, Chiefs suka ci 42 da 36 a ƙarin lokaci. A wasan intanet abin ya fi haka muni, domin akwai masu jifa mai nisa guda ɗaya da suka haddace don irin wannan ranar.

Sai dai jiran ma yana da iyaka. A wasan jami'o'i na Rose Bowl na ranar 2 ga Janairu 2012, Wisconsin suna bayan Oregon 45 da 38, sun kai yadi 25 na Oregon saura sakan 2. Kwatabak ɗin Wisconsin, Russell Wilson, ya maka ƙwallo, alƙalai suka duba hoton bidiyo suka ce lokaci ya riga ya ƙare. Ko jifan ƙarshe bai samu ya yi ba. Daga 2013 dokar wasan jami'o'in Amurka ta fayyace cewa idan agogo zai tashi da busar alƙali, sai da saura aƙalla sakan 3 makawa za ta bar maka wani hari. Ƙasa da haka, abin da za ka yi da ƙwallo ka yi shi kai tsaye. Mu kuma da muke bugawa daga nan, ga nauyin sabis a kai. Tsakanin danna madanni da ganin kwatabak ya motsa akwai ɗan jinkiri, wani lokaci hoton ma ya ɗan daskare ya dawo ka ga sakan biyu sun tafi. Don haka ni ba na barin agogo ya sauka ƙasa da 4. Idan sabis ɗin daren yana wasa da ni, a 6 nake yi.

Babban darasi kan lokacin yin layi shi ne abin da ya faru da Dallas Cowboys ranar 16 ga Janairu 2022. San Francisco 49ers suna gaba 23 da 17, saura sakan 14, Cowboys ba su da hutu. Dak Prescott ya ruga da ƙwallo ta tsakiya daga yadi 41 zuwa 24 ya zame, da nufin a yi layi a maka a samu jifa ɗaya daga kusa. Sai ya miƙa ƙwallon ga ɗan tsakiyarsa, alhali doka ta ce sai alƙali ya taɓa ta ya ajiye. Alƙalin ya rugo daga baya ya yi karo da su wajen kutsawa, kafin a miƙo a maka agogo ya kai sifiri. Shirin nasu duka ya dogara ne a kan cewa layi zai samu cikin 'yan sakan, kuma bai samu ba.

A wasan kwamfuta ba za ka yi karo da alƙali ba, amma injin yana cire wannan lokacin ta hanyarsa, kuma a ganina yana ƙaruwa idan yadin da ka ci suna da yawa, tunda manyan 'yan layi sai sun taho daga nesa. Kowace fitowar wasan da yadda take lissafa shi, don haka kada ka dogara da lambar da wani ya faɗa maka, har da ni. Shiga ka buga da kwamfuta, ka bar rabin farko ya kusa ƙarewa, ka yi jifa gajere a tsakiya ka kira makawa, ka rubuta abin da agogo ya nuna lokacin da aka kayar da ɗan wasa da lokacin da ya tsaya. Sake yi da jifa mai nisa. Sannan ka gwada kiran hari na gaske ba tare da taron shawara ba. Bambancin da ka gani tsakanin makawar da harin na gaske shi ne ainihin abin da makawa take ceto maka. Idan kuma wasan jami'o'i na kamfanin EA kake bugawa, wanda ya dawo a 2024, ka tuna a can agogo yana ɗan tsayawa idan ka samu sabuwar dama a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, har sai an gyara sarƙar auna yadi 10, saboda haka buƙatar makawa a dama ta farko ta ragu ƙwarai.

Ka kuma kula da garaje wajen miƙowa. A dokar NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, idan masu hari suka yi laifin motsi kafin miƙo ƙwallo a minti biyun ƙarshe agogo yana tafiya, bayan yadi 5 da za a ja su baya ana iya zabge musu sakan 10. Mai hutu zai iya fansar sakan ɗin da hutunsa, wanda ba shi da shi kuwa, in saura ƙasa da 10, wasa ya tashi a nan.

Game da makawar ƙarya, na san za ka so gwadawa. Wadda ta fi shahara ita ce ta Dan Marino na Miami Dolphins a kan New York Jets ranar 27 ga Nuwamba 1994. Ya yi alamar zai maka, masu tsaro suka saki jiki, ya jefa wa Mark Ingram a cikin gida, wato yankin cin maki da ke ƙarshen fili, Dolphins suka ci 28 da 24. A intanet tana kama mutanen da ke sakin na'ura da zarar sun ga an yi layin makawa. Amma sai kana kusa da gida take da ma'ana, kuma ka sani in ka yi jinkiri babu wanda ya buɗe, doka ba ta yarda ka dawo ka maka ta a gabanka ba, laifin zubar da ƙwallo da gangan ne. Abokin karawa ɗaya kuma ba ya faɗa mata sau biyu. In kai ne kake tsaro ka ga sun yi wannan layi, kada ka ɗauke hannu. Kama ɗan bayan da ke gefen mai cafewarsu mafi gudu, ka ja shi baya kaɗan, ka riƙe shi har sai ka ga ƙwallo ta taɓa ƙasa.