Amsa kan goɗiya Enable da haɗa dawaki masu jini ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko da gaske ne goɗiyar tseren nan Enable ta Ingila daga dangi na kusa aka samo ta, kuma ko kai ma ka haɗa goɗiyarka da ingarman da suke kaka ɗaya. Batun Enable gaskiya ne. Batun taka goɗiyar kuwa, ina roƙonka ka dakata.

An haifi Enable a 2014 a gonar Juddmonte ta Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Ubanta Nathaniel ɗan Galileo ne, Galileo kuma ɗan Sadler's Wells. Uwarta Concentric ita ma 'yar Sadler's Wells ce. Ka ga doki ɗaya shi ne kakanta ta wajen uwa, shi ne kuma kakan ubanta. Ko a wajen Turawa wannan kusanci ya yi yawa.

Gudu kam ta yi shi. Sau 19 ta fita fili, ta ci 15. John Gosden ne ya horar da ita a Newmarket, Frankie Dettori ne mahayinta a kusan duk manyan gasanninta. A 2017, tana shekara uku, ta lashe gasar Oaks ta goɗiyoyi a Epsom ana tsawa da ruwa, ta doke ingarmu a gasar King George, ta tafi Faransa ta ɗauki Arc, babbar gasar tseren dawaki ta ƙasar mai mita 2,400, a Chantilly. Sai dai a sani, a irin waɗannan gasanni ana rage wa mace nauyin da za ta ɗauka, ana kuma rage wa 'yan shekara uku, ita kuwa ta samu duka biyun a shekarar.

Ni 2018 ce ta fi burge ni. Gwiwarta ta samu matsala, aka ajiye ta har watan Satumba. Wanda ya taɓa riƙe doki mai gudu ya san wuyar wannan haƙuri: dokin na tono ƙasa a turke, abokai na zuga ka, kai kuma kullum da asuba kana shafa gwiwar da tafin hannu kana jin ko zafin ya sauka. Sau ɗaya ta gwada ƙafa a Kempton, ta je Longchamp ta sake cin Arc, wata goɗiya mai suna Sea of Class na dab da kamo ta a bakin layi. Bayan wata guda ta ci gasar Breeders' Cup Turf a Amurka. A 2019 wani ingarma mai suna Waldgeist ya hana ta Arc na uku, a 2020 ta ci King George karo na uku, abin da babu dokin da ya taɓa yi, sannan aka yi mata ritaya.

To, masu irin waɗannan dawaki suna da littafin asali tun 1791. Sun san kowace kaka da cutar da ke bin gidanta, ga likitoci a barga. Haɗa jini na kusa yana ninka alherin da ke cikin jinin, yana kuma ninka aibinsa. Na ga duƙushin da aka samu ta wannan hanya a bargar wani maƙwabcinmu: kyakkyawa, wuya dogo, amma ƙafafun gaba a karkace, kofato na tsagewa. Bai taɓa ɗaukar sirdi ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Kafin ka yanke shawara, ka je ka ga 'ya'yan ingarman da idonka. A jawo maka su a kan ƙasa mai tauri, ka tsaya ta gaba ka duba yadda suke ajiye ƙafa, ka saurari numfashinsu bayan sukuwa. In akwai aibi ɗaya da goɗiyarka ma take da shi, ka nemi wani ingarman daga nesa.

Su kansu mutanen Juddmonte, da Enable ta koma gona, wani ingarma mai suna Kingman suka fara ba ta, wanda babu Sadler's Wells a jininsa, ta haifi duƙushi namiji a 2022.